Awon Gona Tsakanin Masu Ƙasa da Masu Neman Mai

Ofishina ɗaki ɗaya ne a Fagge, a saman shagon wani mai sayar da fenti. Matasan da ke zuwa koyon aiki wurina, kusan kowannensu sai ya ce mini, "Baba, ai wannan sana'ar ta zama sauƙi. Ka zagaya gona da waya a hannu, ta ba ka tsawo da faɗi, shi ke nan." Ba na musu da su, don gaskiya ne wayar tana awo, har ta fi ni sauri. Sai dai awo shi ne ƙaramin abu a cikin aikin. Sunana Modu, ɗan safiyo ne ni, kuma mafi yawan shekaruna na yi su ne tsakanin masu gona da kamfanonin da ke neman mai da gas. In kamfani zai shiga ƙasar mutane, irinmu ake kira mu auna wurin da za a taɓa, mu rubuta abin da ke kansa, a san diyyar da za a biya da sharuɗɗan da za a ƙulla.

A Sabon Gari na koyi aikin, wurin Oga Sande, wani Bayarabe haifaffen Kano wanda Hausa ta fi Yarabanci zama a bakinsa. Da gemuna na je masa, bayan na gwada sayar da yadi a kasuwa abin bai karɓe ni ba. Kakanninmu daga Barno suka zo suka zauna a Fagge, saboda haka ina jin Kanuri, kuma abin da ya sa ya ɗauke ni ke nan, don ayyukan gabas sun fara zuwa masa. Ranar farko ya zube kayan aiki a kan tebur: tef na ƙarfe, kamfas, sanduna masu ja da fari, guduma, gwangwanin jan fenti, da littafi mai baƙin bango. Na zaro biro daga aljihu, ya karɓe. "Fensir za ka riƙe," in ji shi. "Ruwan sama yana wanke tawada, gumi ma yana wanke ta." Wata shida bai bar ni na taɓa na'urar hange mai ƙafa uku ba. Jan tef nake yi, ina kafa turaku, da yamma in goge tef ɗin da tsumma da man inji kada ya yi tsatsa.

Aikin farko da ya bar ni na yi ni kaɗai, ƙidayar itatuwa ce a wata gona da hanya za ta ratsa. Na ƙirga ɗorawa huɗu, kaɗanya bakwai, kuka ɗaya. Na shafa wa kowace jan fenti, na rubuta sunan mai gona, na dawo ina jin na gama. Oga Sande ya duba littafin ya ce, "Kukar ta wa ce?" Na ce ta mai gona mana. Ya ce in koma in tambaya. Da na koma, ashe gonar ta wani ce, geron da ke ciki na wani ne da aka ba shi aro, ɗorawar ta 'yar'uwar mai gonar ce da ta samu a rabon gado, kukar kuwa ta unguwa ce gaba ɗaya, kowace mace tana da ikon tsinkar ganyenta. Da na miƙa littafin yadda na fara rubuta shi, da mutum ɗaya ya karɓe haƙƙin jama'a, kuma da an yi gaba a gidan nan har kan 'ya'ya.

Da masu binciken mai suka buɗe aiki can gabas, sai muka koma daji. Su ba ruwansu da iyakar gona. Layi suke ja miƙaƙƙe kamar zare, a sare duk abin da ke kansa, manyan motoci su bi suna girgiza ƙasa ana sauraron abin da ke ciki da wayoyi. Mu ne ke gaba da su, muna zama da masu gona. Rana da kunama da ƙaya duk da sauƙi. Abin da ya fi wuya shi ne ka zauna gaban mutum a gonar da ya gada kaka da kakanni, ka gaya masa in akwai mai a ƙarƙashinta ba nasa ba ne. Doka ta ce ma'adinan cikin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ita ke ba kamfani izinin haƙa. Haƙƙin mai gona yana sama: shukarsa, itatuwansa, rijiyarsa, bukkarsa, da duk asarar da za a jawo masa. Wani dattijo ya taɓa saurarona har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, in na haƙa gaba goma na tarar da ruwa, na wa ne?"

Na ce, "Naka ne, Baba."

"In na ƙara haƙawa na tarar da mai fa?"

"Na gwamnati ne."

"To a gaba ta nawa gonata ta ƙare?"

 Na dai ce masa na ƙasa ya fi ƙarfina, amma na sama zan tsare masa shi iyakar iyawata.

Akwai shekarar da ban tsare ba, kuma ita ce ta kusa fitar da ni daga sana'ar. Lokacin Oga Sande ya tsufa, ni ke fita. Wani kamfani ya ɗauke ni in auna hanyar burji da za su yi daga bakin titi zuwa inda za su kafa injin haƙa. Na je da bazara, ƙasa ta bushe ta tsattsage. Ana matsa mini in gama cikin kwana goma don katafila tana kan hanya. Akwai wani kwari mai faɗi da hanyar za ta tsallaka, babu komai a cikinsa sai busasshiyar ciyawa da sawun shanu. Na rubuta: fili, babu shuka, babu ruwa. Ban tambayi kowa ba. Aka yi taro a ƙofar gidan dagaci, na karanta wa masu gonakin takardar kamfani na fassara, har da layin da ya ce wanda ya karɓi diyya ba zai sake neman komai ba. Suka dube ni suka ce, "Malam Modu, mu sa hannu?" Na ce su sa. Suka dangwala yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Da damina ta faɗi, hanyar ta zama madatsar ruwa. Ta sama, ruwa ya taru ya haɗiye gonakin gero da dawa. Ta ƙasa, fadamar da suke noman shinkafa ta tsaya a bushe, don wannan kwarin ne ke kai mata ruwa. Wata safiya na fito daga gida na tarar da mutum uku daga ƙauyen a tsaye a ƙofa, ƙafafunsu duk ƙura. Babbansu ya gaishe ni da kyau, sannan ya ce, "Ba rigima ce ta kawo mu ba. Kai ka ce mu sa hannu. Mun zo ne ka je ka ga abin da muka sa wa hannu."

Na bi su. Turakun da na kafa da hannuna suna ƙarƙashin ruwa, na shiga har ƙugu kafin in taɓa ɗaya da ƙafa. Na dawo Kano na rubuta rahoto, na ce kuskuren awo nawa ne, kuma hanyar tana bukatar kwalbati. Na kai wa Oga Sande ya karanta. Ya cire tabarau ya ce, "Ka san in ka miƙa wannan sun gama da kai?" Na ce na sani. Ya ce, "To gyara wannan layin. Sa zurfin ruwan da ka auna, kada su ce ƙiyasi ka yi." Kamfani ya ce takarda tana hannunsa da yatsun mutane a kai. Bayan wasiƙu da zirga-zirga mai yawa suka sa kwalbati da kaka, amma amfanin gonar wannan shekarar ba wanda ya biya shi. Wasu a ƙauyen suka sayar da shanun huɗa, wasu suka tafi ci-rani tun kafin lokaci. Ni kuma aka cire sunana, magana ta zagaya sauran kamfanoni cewa ga ɗan safiyon da ke kai ƙarar mai ba shi aiki. Shekarar nan filayen gidaje kawai na auna a bayan gari, har babur ɗina na sayar. Tun daga nan na koma ɓangaren masu gona, kuma ban sake rubuta "babu ruwa" a kan wurin da ban gani da damina ba, sai na tambayi wanda ya gani.

A wannan ɓangaren ne Hajiya Falmata ta same ni. Turaren wuta da humra take sayarwa a Kasuwar Sabon Gari, gidanta kuma yana Kwaciri. Ta hawo benen nan da yayanta, Alhaji Kyari, da wata wasiƙa ta Turanci. Mahaifinsu ya bar musu gona a ƙauyensu na asali can gabas, su biyu ne magada, wani ɗan'uwansu ke noma ta. Kamfani yana son yanki daga cikinta ya kafa injin haƙa na wasu watanni. Alhaji Kyari ya shigo da fara'a, ya ce shi dai in duba musu ko za a ƙara kuɗin, su sa hannu a wuce wurin. Hajiya ta tura mini wasiƙar ta ce, "Malam, karanta mini duka, har ƙananan rubutun da ke ƙasa." Na karanta, na ce ba zan ce komai ba sai na taka gonar.

Kwana biyu na yi a gonar kafin ranar taro. Kamfani ya riga ya kafa turakunsa masu jan ƙyalle. A kusurwar kudu, inda ƙasa ta gangara, akwai rijiyar da mahaifinsu ya haƙa. Bakinta na itace ne, igiya ta ci shi ta yi masa zane-zane. Unguwar duka a nan take ɗiban ruwa, makiyaya ma a nan suke shayarwa da rani. Turakun sun sa rijiyar cikin shingen kamfani. A taswirarsu kuma na ga ramin da za su riƙa zuba lakar haƙa da dattin inji, an ajiye shi sama da rijiyar kaɗan. Na tambayi matan da ke jan guga ta ina ruwan sama yake sauka, suka nuna mini. Na bi gindin itatuwa ina duba gefen da ruwa ya tara karare da ganye. Duk abu ɗaya suka faɗa: in ramin nan ya cika ya tumbatsa, rijiya zai nufa.

Wakilin kamfani wani ne Injiniya Haruna, Bahaushe mai ladabi, amma kullum idonsa a kan agogo. Muka zauna a ƙarƙashin tsamiya, da bulama, wato dagacin ƙauyen, da magadan biyu. Na ce masa a matsar da shinge taku arba'in arewa, rijiya ta fita, ramin laka kuma a mai da shi ɗaya gefen a shimfiɗa masa leda mai kauri.

Ya ce, "Malam, taswirar nan ba ni na zana ta ba. Ba ni da ikon matsar da turke ko ɗaya."

Na ce, "To a kai wa mai ikon. Kuma in katafila ta zo, ƙasar sama mai taki a tara ta gefe guda, in kun gama ku mayar. Sannan kafin ku fara a ɗebi ruwan rijiyar a gwada, a rubuta, kowa ya riƙe takarda."

Ya juya wurin magadan. "Zan gaya muku gaskiya. In maganar ta yi tsawo, za su iya ɗaukar gonar maƙwabcinku. Ku kuma ba ku samu komai ba."

Alhaji Kyari ya kama hannuna ya ja ni gefe. "Kai mun ɗauko ka ka ƙara mana, ko ka kore mana arziki?" Yana da dalilinsa. In rijiya tana cikin shinge, diyyarta ita ce mafi tsoka a cikin duka lissafin. In ta fita, wannan ya tafi. Muka dawo inuwa, ya ce wa ƙanwarsa ai kamfani ya yi alkawarin burtsatse a madadin rijiyar. Na tambayi Injiniya, in famfon ya lalace bayan sun tafi, wa zai gyara? Ya ce, "Wannan ba zan yi muku alkawarinsa ba." Na girmama shi saboda wannan amsa, don da ya ce za su gyara, da an sa hannu a ranar.

Hajiya Falmata ta gyara mayafinta ta ce, "Yaya, kuɗin rijiyar mu biyu za mu raba, mu koma Kano mu buɗe famfo mu sha. Ruwanta kuwa gari ne ke sha. In aka rufe ta da sa hannuna, da wane ido zan shigo ƙauyen nan gaisuwar mutuwa?"

Ya ce, "Falmata, 'ya'ya tara gare ni."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ka yi haƙuri. Ba zan sa ba."

Takarda ba ta tafiya sai da hannun su biyun, saboda haka taro ya watse. Mota ɗaya muka shiga zuwa Kano, tafiyar yini guda, Alhaji Kyari ya kau da kai yana kallon taga har muka iso. Mako uku ba labari. Hajiya takan aiko a tambaye ni, in ce a ƙara jira, alhali ni kaina ban san yadda za ta kaya ba. Da sun koma gonar maƙwabci, da ni ne na raba wa da ƙanwa a banza. Sai ran nan Injiniya Haruna ya bugo waya. Ya ce masanansu sun sake dubawa, wurin da suke so yana cikin wannan gonar ne, kuma taku arba'in ba zai ɓata musu aiki ba. Aka sake rubuta takarda. Na zauna da wani lauya da Hajiya ta ɗauka muka bi ta layi-layi, na sa aka ƙara cewa kamfani ba zai kwashe kayansa na ƙarshe ba sai ya rufe ramin ya mayar da ƙasar sama.

Wata bakwai suna haƙa. Ƙarfe ya miƙe sama ana hango shi daga ƙauyukan nesa, 'yan tireda da masu abinci suka cika bakin shinge. A ƙarshe abin da suka samu bai kai a ci gaba ba. Suka toshe bakin rijiyar man da siminti da ƙarfe, suka fara kwashe kaya. Ɗan'uwan da ke noma gonar ya aiko mini cewa motoci suna fita, na kama hanya da takardar a jaka. Na tarar da ramin a buɗe, cike da baƙin ruwa mai warin gas, tulin ƙasar sama yana gefe ciyawa ta rufe shi, ga damina saura 'yan makonni. Injiniya Haruna ya ce ɗan kwangilar ya riga ya ɗauke katafila zuwa wani aiki. Na buɗe shafin da ke maganar ramin na ɗora a kan bonet ɗin motarsa, na sa yatsa a layin. Ya karanta sau biyu. Ya ɗauki waya ya yi nisa da mu, na ji muryarsa tana tashi tana sauka. Da ya dawo sai ya ce wa direbobin manyan motoci uku da suka rage su kashe inji, ba inda za su sai katafila ta dawo. Kwana huɗu aka yi ta dawo. Tanka ta zuƙe ruwan ramin, aka naɗe ledar, aka cike shi, aka baje ƙasar sama. Aka sake gwada ruwan rijiya, ya fito yadda yake a takardar farko.

Kada ku ɗauka komai ya koma daidai. Inda manyan motoci suka danne ƙasa, damina uku aka yi kafin gero ya yi kai mai kyau, sai gyaɗa aka fara sawa. Alhaji Kyari bai samu abin da ya sa rai ba, kuma har yau in muka haɗu a masallacin Juma'a da kan yatsu yake ba ni hannu. Ban ga laifinsa ba. Rijiyar dai tana nan, ana ja.

Shekaru bayan haka, ana maganar shimfiɗa bututun gas ta wasu ƙauyuka kusa da Kano, na ji ana hawo bene a hankali. Injiniya Haruna ne, furfura ta fara fito masa, ya bar kamfanin tuni. Muka gaisa, na sa aka kawo masa shayi. Ya zaro wasiƙa daga aljihun gaba ya ajiye a kan tebur yana ɗan murmushi.

"Malam Modu, yau ni ne a wancan gefen. Bututun zai bi ta gonar mahaifina."

Na jawo littafi da fensir. Na ce, "Wa ke noma ta yanzu?"

Ya ce yana jin wani kawunsa ne.

"Itatuwa nawa ne a ciki, kuma na su wa ne?"

 Mutumin da ya karanta taswirar ƙasar mutane da yawa ya ce rabonsa da gonar tun yana makarantar sakandare. "Sai dai a tambayi Inna," in ji shi, yana nufin mahaifiyarsa. "Ita ta san komai na wurin."

Na ce, "Tana nan da rai?"

Ya ce tana nan, a gidansa take, sai dai ƙafa ta hana ta fita.

Na rufe littafin na sa a jaka, na ɗauki hulata. Na ce, "Bar shayin nan. Tashi mu je mu gaishe da Inna."